Giwa, Ayu da Rema: Kada Mu Yi Gaggawar Toshe Kunne



Ya 'yan'uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu. Da zarar an ambaci sauye-sauyen halittu, batun nan da ake jingina wa Darwin, sai ɗayanmu ya toshe kunne ya ce ai zancen biri ne. Ɗalibin ilimin halittu ya haddace darasin domin jarrabawa, ya zubar da shi a ƙofar aji. Wanda ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne mai zuwa intanet shi kaɗai cikin dare, ya karanta hujjojin, ya tarar ashe ba wauta ba ce kamar yadda aka gaya masa, daga nan ya soma tuhumar duk sauran abin da aka taɓa gaya masa. Ra'ayina shi ne wajibi ne mu san abin da masanan suka gano da yadda suka gano shi, kafin mu karɓa ko mu ƙi. Zan taƙaita a kan tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa.

A cikin kowace halitta mai rai akwai wani dogon rubutu na gado wanda haruffansa huɗu ne kacal. Na ɗan'adam ya kai harafi biliyan 3, na kaza kuma, wanda aka fitar a 2004, kimanin biliyan 1. Iyaye suna kwafa wa 'ya'ya wannan rubutu, kuma kamar kowane mai kwafa, akan samu tuntuɓen alƙalami. Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin littattafanmu na rubutun hannu ya san wannan. Idan ka sami kofe biyu, ɗaya a Katsina ɗaya a Agadas, ka ga kuskure iri ɗaya a layi ɗaya, har da sharhin gefe da wani magabaci ya shigar cikin matani bisa kure, ba sai an gaya maka daga uwa ɗaya aka kwafo su ba. Kuskure ɗaya yana iya zama dace. Ɗari ba ya zama dace. Da irin wannan awo masana ke jera dangantakar dabbobi, sai dai su kwamfuta ce ke yi musu muƙabala.

Abin da ya fito yana da ban mamaki. Masana ƙirar jiki sun daɗe suna zaton akwai zumunci tsakanin giwa da ayun da ke kogunan Kwara da Binuwai da kuma rema, 'yar dabbar nan ta kan duwatsu da ba ta wuce zomo girma ba. Ƙwayoyin gado sun tabbatar da zaton, suka kuma jawo dabgi cikin dangin, tare da wata dabba ta tsibirin Madagaska mai ƙaya a jiki wadda a da ake lissafawa da bushiya. A 1998 aka raɗa wa wannan zuriya suna Afrotheria, wato dabbobin Afirka. Ido bai isa ya haɗa giwa da mai kama da bushiya ba. Rubutun ne ya haɗa su.

Wadda ta fi ƙarfi a wurina ita ce hujjar dorina. A shekarun 1990 binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa ƙatuwar dabbar tekun nan da Larabawa ke kira hutu, Turawa kuma wel, danginta na kusa a doron ƙasa ita ce dorina. Masu nazarin tsofaffin ƙasusuwa da yawa suka ƙi yarda, domin suna da tasu fahimtar. Sai a 2001 aka bayyana ƙasusuwan wasu daɗaɗɗun dabbobi na zuriyar hutu da aka tono a Pakistan, masu ƙafafu, ƙashin idon sawunsu kuma irin na dorina da raƙumi da saniya. Shaidu biyu ke nan da ba su haɗa baki ba, ɗaya daga cikin jini ɗaya daga cikin dutse, suka faɗi magana ɗaya. Mu da aka raina a kan ilimin isnadi mun fi kowa sanin nauyin riwayar da ta zo ta hanyoyi mabambanta.

Na tsuntsaye ya fi wuya. Wani bincike na 2008 ya nuna shahon farauta da Larabawa ke kira saƙar ya fi kusa da aku a kan kusancinsa da gaggafa ko shirwa, duk da ƙumba da lanƙwasasshen baki. A 2014 aka kwatanta cikakken rubutun gadon tsuntsaye 48, a 2024 kuma 363. Duk da haka akwai rassan da bincike ɗaya ya ajiye nan, wani ya ajiye can. Dalilin da masanan ke bayarwa shi ne yawancin zuriyoyin tsuntsayen yau sun rarrabu ne cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, daura da halakar da ta auka wa duniya shekara miliyan 66 da suka wuce, don haka alamun suka cakuɗe. Wasu 'yan'uwa kan ɗauki wannan saɓani su ce kun gani, su ma ba su sani ba. Wannan ba adalci ba ne. Saɓanin malaman nasaba a kan wane ne wa wane ne ƙane ba ya rushe cewa gida ɗaya ne.

To ina imani a nan? Ni ba mai ba da fatawa ba ne, amma ga abin da nake gani. Halittar Annabi Adamu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, magana ce da nassi ya yi bayaninta, kuma Musulmi yana tsayawa inda nassi ya tsaya. Amma ta wace hanya aka fitar da aku da dorina, cikin shekaru nawa, wannan fili ne da aka bar wa dubawa da tunani, har ma aka kwaɗaitar da mu a kansu. Sanin yadda tururi ke tashi daga teku ya zama girgije bai taɓa hana mu roƙon ruwa ba. Wanda ya ce haruffan gado sun tabbatar babu Mahalicci, ya fita daga ɗakin bincike ya shiga falsafa, kuma da falsafa za a amsa masa, ba da musanta ƙashin da aka tono ba. Haka nan ban ga amfanin kurin da wasunmu ke yi cewa Jahizu ya riga Darwin a Kitabul Hayawan ba. Mutumin Basara ne mai kaifin lura wanda ya rasu tun ƙarni na 9, girmansa ba ya bukatar mu ɗora masa abin da bai faɗa ba.

Sannan wannan ilimi yana da aiki a ƙofar gidanmu. Raƙuman dawan da ke Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa kimanin 50 a tsakiyar shekarun 1990. An daɗe ana zaton akwai irinsu ajiye a gidajen namun daji na Turai. Binciken ƙwayoyin gado na 2007 ya nuna waɗancan wani reshe ne dabam, na yankin Kamaru da Cadi, wato idan na Nijar suka ƙare, sun ƙare a duniya. Zakunan Afirka ta Yamma kuma an gano sun fi kusa da na dajin Gir a Indiya a kan na kudancin Afirka, saboda haka ba a cike gurbinsu da kowane zaki aka samu. A 2021 aka raba giwar kurmi da giwar sarari a jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta kurmi ta shiga sahun mafi hatsari. Duk waɗannan hukunce-hukunce da awon nan na kuskuren mai kwafa aka yanke su, awon da ya haɗa ayu da giwa, kuma yawancin samfuran da aka ɗiba daga dazuzzukanmu a ɗakunan bincike na Turai da Amurka aka karanta su.