A Fara Da Littattafan Da Yara Za Su Gane

Tun 1982 da aka fara tsarin ilmi na 6-3-3-4, aka haɗa adabin Turanci cikin darasin Turanci a ƙananan makarantun sakandare. Mu a ganinmu, har yanzu wannan fanni bai sami kulawar da ta dace ba, musamman a makarantun karkara.

Yaron da ya tashi a ƙauye Hausa yake ji a gida da gona da kasuwa. Idan aka fara masa da labarin wata ƙasa mai sanyi wadda bai san al'adunta ba, harshe da labari duka baƙi ne a gare shi. Sai ya koma hadda don cin jarrabawa, daga nan kuma ya tsani karatu.

Alhali kuwa akwai littattafan da suka dace. Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya wallafa "The Passport of Mallam Ilia" a 1960 da "Burning Grass" a 1962, dukkansu a kan rayuwar Arewa. "Shaihu Umar" na Abubakar Tafawa Ɓalewa ma Mervyn Hiskett ya fassara shi a 1967. Yaron da ya san labarin da Hausa, Turancin kawai ya rage masa.

Don haka muna kira ga Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Kano da ta sayi irin waɗannan littattafai, kowane yaro ya riƙe nasa, ta kuma tura malaman da suka ƙware zuwa ƙauyuka. Da sannu yaran za su kai ga Shakespeare.