Kano: Ƙanjamau na bin sawun abota tsakanin masu allurar ƙwaya

Binciken IBBSS na 2020 ya gano kashi 10.9 cikin ɗari na masu yi wa kansu allurar ƙwaya a Najeriya na ɗauke da HIV, alhali ƙiyasin ƙasa na 2018 kashi 1.4 ne. Galibi ba baƙo ke miƙo sirinjin da aka riga aka yi amfani da shi ba. Abokin zama ne, wanda aka yi karo-karo da shi aka sayo pentazocine, kuma ƙin karɓa tamkar zarginsa da cuta ne.

Samamen NDLEA a unguwannin Kano kan tarwatsa irin wannan majalisa, sai mutanenta su koma wasu, cutar na biye da su. Gwajin raba sababbin sirinji na 2020 kuwa a Gombe, Oyo da Abiya aka yi shi, babu Kano.