A Daina Yi Wa Yara Shifta da Sunan Tarihi

Tun da gwamnatin tarayya ta ba da umarni a 2019 cewa a mayar da darasin Tarihi makarantu, bayan ya shafe kimanin shekara 10 a waje, sannan a 2025 ta ce ya zama tilas daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, ake ta yi mana barka, mu malaman makaranta, kamar waɗanda aka sako wa ɗan'uwa daga kurkuku. Mun karɓi barka. Amma fa, 'yan'uwa marubuta, abin da ya dawo ɗin ya dawo ne da tsohuwar cutarsa, ita ce kuwa shifta. Malam ya juya wa aji baya, ya cika allo da alli, ko ya miƙa wa monita tsohon littafinsa ya tafi ofis shan iska. Yara su kwafe: an haifi wane a shekara kaza, ya yi sarauta shekara kaza, ya rasu. Ran jarrabawa su amayar. Bayan mako biyu ko sunan mutumin ba su riƙe ba.

Wannan magana ta shafe ku kai tsaye. Yaron da ya yi shekara 6 a sakandare ba a taɓa ce masa ya zauna ya ƙago shafi guda daga kansa ba, shi ne gobe zai kawo muku rubutu ku duba, ku tarar ba kai ba gindi, ku yi ta zargin zamani.

Abin da muke kira a yi ba wani sabon ilmi ba ne. A ɗauki mutum guda daga cikin mutanen tarihi, a tsayar da shi a ranar da al'amari ya tsananta masa, a ce wa yaro ya yi rubutu daga cikin wannan rana. Ga misali. Ran 15 ga Maris 1903 sojojin Lugga suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira, ya nufi gabas, jama'a suka yi ta binsa, har aka kashe shi a Burmi ran 27 ga Yuli na wannan shekara. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutane har Sudan, inda garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yake ɗauke da sunansa. Waziri Buhari kuwa ya komo birni, ya zauna ƙarƙashin Nasara, daga baya ya rubuta wata risala yana bayyana hujjarsa ga malamai. To, a raba aji biyu. Rabi su zama mutanen wani gida da suka ɗaure kaya, rabi su zama 'yan'uwansu da suka ce ba inda za su, kowane ɓangare ya rubuta wa ɗaya wasiƙa. Mai tafiya sai ya faɗi yadda zai yi da tsohuwar uwarsa da gonarsa ga damina ta kusa. Mai zama sai ya faɗi da wace fuska zai kai haraji ga wanda ya kashe masa dangi. Yaron da ya sha wannan wuya ba zai sake manta 1903 ba, kuma ba zai sake saurin kiran wani matsoraci ba.

Mun san abin da za a ce, don mun sha jinsa a ɗakin malamai. Wai wannan koya wa yara ƙarya ne, tarihi gaskiya ce, a bar ƙage ga masu littattafan soyayya. Mu kuwa muka ce ba abin da ke tona asirin jahilci kamar ƙage. A ce wa yaro ya zama farke daga Gwanja, ya iso kasuwar Kurmi da goro a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta wa yayansa abin da ya gani. Nan da nan zai sa farken nan ya sayi gasasshiyar masara, ya ƙirga kuɗinsa da wuri. Sai a tsayar da shi a gaban aji. Masara da gyaɗa da rogo daga nahiyar Amurka suka zo, Turawa kuwa ba su isa can ba sai 1492. Wuri kuma, littafin tarihin sarakunan Kano cewa ya yi sai a zamanin Sarki Sharefa, a ƙarni na 18, ya shigo ƙasar Hausa. To da me farken zai yi ciniki? Yanzu yaro ya shiga neman amsa da kansa, ya soma gane cewa kowace kalma da ya sa a takarda sai ya iya kare ta. Wace shifta ce ta taɓa jefa yaro cikin irin wannan bincike?

Akwai ƙorafi na biyu, kuma shi muna ba shi girmansa. Ana cewa rashin ladabi ne a sa yaro ɗan shekara 15 ya ari bakin Shehu Usmanu ko Sarkin Musulmi Bello ya yi magana. Haka ne, mu ma ba mu yarda a sa wa malaman nan kalmar da ba su faɗa ba, ga rubuce-rubucensu nan sun ishe su baki. Amma ai babban mutum ba shi kaɗai yake rayuwa ba. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa jaji, ta ba ta malfa, ita kuma jaji ta jagoranci matan ƙauye su zo ɗaukar karatu su koma su koyar. Ba sai yarinya ta zama Nana ba. Ta zama jajin, ta ba da labarin tafiyar ƙafa daga ƙauyensu, da yadda ta shawo kan maigidan da ya hana matarsa fita. Ladabi bai taɓu ba, ilmi kuwa ya shiga.

Wanda ya fi ba mu haushi shi ne mai cewa ba lokaci, manhaja ta yi yawa, ga jarrabawar WAEC da NECO. Aji ya cika, gaskiya ne, wani ajin ma sai malam ya bi ta kan ƙafafun yara kafin ya kai bango. Sai dai aiki irin wannan sau biyu a zango ya isa, kuma rukuni-rukuni ake yinsa, takarda 10 malam zai duba maimakon 80. Jarrabawar kanta tambayar dalili take yi da sakamako, wanda kuwa ya yi gardama a kan hijirar Attahiru ya fi mai hadda abin rubutawa. Gaskiyar maganar da ba a son faɗa ita ce, shifta hutu ce ga malami. Mai shifta ba ya bukatar ya karanta komai bayan littafin da ya gada.

Sannan a kula, kada garin gudun gara a faɗa gidan zago. Koyar da tarihi ta hanyar manyan mutane yana saurin rikiɗewa ya koma kirari, malami ya zama maroƙi. Maganinsa shi ne a riƙa kawo inda masana suka saɓa. Sarauniya Amina ta Zazzau, littafin tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, farkon ƙarni na 15, wasu masana kuwa sun kai ta ƙarni na 16. A ba yara duka biyun, su zauna kamar majalisar alƙali su auna. A kuma faɗaɗa ma'anar babban mutum. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bawa, ya bi Bature Barth har Ingila a 1855, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa aka rubuta. Baba ta Karo, tsohuwa ce da ba ta riƙe sarauta ba, ta zauna da Mary Smith ta faɗi abin da ta gani na harin bayi da aure da zuwan Turawa, littafin ya fito a 1954. Bayan yara sun ji labarinta, a tura kowa gida ya zauna da kakarsa da biro da takarda, ya tambaye ta yunwar 1973, ko ranar da ta fara jefa ƙuri'a, tun da matan Arewa ba su sami wannan 'yanci ba sai 1976, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kansa. Wannan aiki ba ya jira, tsofaffin nan kullum raguwa suke yi.

Saura ku. Malamin da ya yi niyyar duk wannan, da ya waiwaya neman abin da zai ba yara su karanta, sai ya tarar yawancinsa da Turancin jami'a yake, a littattafai masu tsada da ba su taɓa leƙa laburaren makarantar gwamnati ba, in ma akwai laburaren. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne lokacin da ya rubuta Shaihu Umar, wanda ya fito a 1934, har yau kuwa yaro ya fi gane cinikin bayi ta Sahara daga wannan ɗan littafi fiye da babin da ke cikin manhaja. Me ya hana ƙungiya ta raba aiki, kowane reshe ya ɗauki mutum biyu na yankinsa, a fitar da ƙananan littattafai masu shafi 30 da Hausa mai daɗi, a sa malamin tarihi ya duba shekaru da sunaye kafin a kai maɗaba'a? Katsina ga Ɗan Marina da Muhammadu Dikko, Bauchi ga Yakubu da Sa'adu Zungur, Kabi ga Kanta. Muna roƙon a sa wannan magana cikin ajandar taro mai zuwa, mu kuma malaman da ke cikinku mun ɗauki nauyin gwada kowane littafi a aji kafin a buga shi.