Inda Ya Kamata Ɗalibinmu Ya Taka a Birnin Landan

Duk shekara samarinmu da 'yammata suna tafiya Ingila ƙaro ilmi, waɗansu da kuɗin gwamnatin jiharsu, waɗansu kuwa da gumin iyaye. In sun komo aka tambaye su abin da suka gano, amsar kusan ɗaya ce. Sun tsaya ƙofar fadar Bakingham an ɗauke su hoto, sun zaga kantunan titin Okusfod, mai sha'awar ƙwallo kuma ya leƙa filin Arsenal. Ban ga laifin wannan ba, gama wanda ya kwana bisa littafi wata da watanni ya cancanci shan iska. Amma ni a ganina, ɗalibin da ya shekara a Landan bai je ya ga inda aka ajiye tarihin ƙasarsa ba, ya yi asarar rabin kuɗin jirginsa.

Wurin da na fi so in tura kowa shi ne gidan adana takardun gwamnatin Ingila da ke unguwar Kiw, yamma da birnin. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana kai mutum har kusa, shiga kyauta ne, katin karatu ma kyauta, muddin ka zo da takardun shaida. A can ne ake ajiye wasiƙu da rahotannin da Lugga da muƙarrabansa suka riƙa aika wa Ofishin Mulkin Mallaka, a jerin da aka yi wa lamba CO 446. Ka cika takarda, ka ɗan jira, sai a kawo maka kundi ka buɗe da hannunka. Cin Kano a Fabrairun 1903, da faɗuwar Sakkwato a Maris, da yaƙin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu a Yulin wannan shekara, da rushe Satiru a 1906, duk ga su nan kamar yadda wanda ya ci yaƙi ya ga damar rubutawa. A makaranta mun haddace shekarun nan don jarrabawa. A Kiw kuwa za ka ga harshen da aka yi amfani da shi wajen siffanta kakanninka, ka ga ɗan sharhin da wani akawu ya ƙara a gefen takarda, shi da bai taɓa ganin ganuwar Kano ba. Bature dai ya iya ajiya, sai dai ba kome yake nunawa ba. Sai a 2011, da tsofaffin 'yan Mau Mau na Kenya suka kai ƙara kotu, gwamnatin Ingila ta amsa cewa tana ɓoye da dubban fayil-fayil da ta kwashe daga ƙasashen da ta mallaka. An sake su tsakanin 2012 da 2013, akwai kuwa na Nijeriya a ciki.

Daga nan sai Gidan Tarihin Birtaniya, wanda shi ma ba a biyan ko sisi. A sauka ɗakin Afirka a tsaya gaban tagullan Benin, waɗanda sojan Ingila suka kwaso ganima a 1897. Gidan yana riƙe da kayan Benin fiye da 900, kuma in an ce ya mayar, sai ya kawo dokar 1963 da ta hana shi rabuwa da abin da ke hannunsa. Amma wata kwaleji a Kambirij ta mayar da zakaran tagulla a 2021, gidan tarihi na Horniman kuma ya miƙa mallakar kaya 72 a 2022. Ɗan arewa kada ya ce wannan maganar mutanen Edo ce. Gobe shi ne zai zauna ma'aikatar da za ta rubuta wasiƙar neman kayan, kuma gani ya kori ji.

Tafiyar 'yan mintoci daga nan akwai makarantar SOAS, inda aka daɗe ana koyar da Hausa. Kusa da ita Cibiyar Horon Malamai take, wadda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu a cikinta daga 1945 zuwa 1946, Malam Aminu Kano ya biyo bayansa. Su ma ɗalibai ne a baƙuwar ƙasa, ga sanyi ga ƙarancin abinci na bayan yaƙi, amma abin da suka komo da shi ya fi kwat da takalmi. Gidan Lankasta kuwa, inda aka yi taron tsarin mulki a 1957 da 1958 har aka tsai da ranar 1 ga Oktoban 1960, ba kullum ake barin jama'a su shiga ba, amma ya isa a tsaya a dube shi daga waje.

Na san abin da za a ce mini. Ɗalibin likita ko na injiniya ina ruwansa da tsofaffin takardu, ga aikin dare da yake yi don biyan kuɗin ɗaki, ga jarrabawa a gaba? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don rayuwa a Landan ba ta da arha. Sai dai wuraren da na ambata su ne mafi sauƙin kuɗi a birnin duka, tikitin kallon wasa ɗaya ya ninka kuɗin zuwa Kiw da komowa. Yini guda cikin hutu ya wadatar.

Ƙungiyoyin ɗalibanmu da ke can suna da rabonsu a wannan sakaci. Sun iya shirya walimar Sallah da bikin ranar 'yanci, amma da wuya ka ji sun ɗebi sababbin zuwa sun kai su Kiw. Ma'aikatun da ke ba da kuɗin karatu kuma babu abin da zai hana su neman kowane ɗalibi ya komo da hoton fayil ko da guda ɗaya da ya shafi lardinsa, a ajiye a Gidan Arewa da ke Kaduna. Masu gidan na Kiw sun yarda mai karatu ya ɗauki hoton takarda da wayarsa.