A San Malamin Goge Kafin A Ba Shi Yaro

Jama'a, a manyan birane akwai iyayen da ke biyan malami kuɗi don ya riƙa koya wa ɗansu gogen Turawa a gida, watau wannan mai tsirkiya huɗu da ake ɗorawa a kafaɗa. Ba mu ga laifi ga neman sani ba. Abin da muke jan hankali a kansa shi ne, kada a danƙa wa mutum yaro sai an san wanda ya koya masa, an kuma ga irin koyarwarsa. Gwanin kiɗa daban, malamin kiɗa daban.

Mu fara da namu na gida. Gogen Hausa ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza ko damo, tsirkiyarsa guda ɗaya ta izgar doki, abin gogawar ma izga ce da ake shafa wa ƙaro. Yaron da ya shiga hannun mai goge ba ya taɓa tsirkiya ranar farko. Ɗaukar kaya zai fara yi, sa'an nan amshi, sa'an nan kiɗan ƙwarya, har kunnensa ya nuna. Bayan haka ne maigida zai miƙa masa goge. A ƙasar Dagomba ta Gana kuwa, sana'ar gado ce ta fada, ɗa yana karɓa daga uba.

Abin mamaki, wannan hanya ce ta ɗaukaka wani malami a Japan, Shinichi Suzuki, wanda ya rasu a 1998. Ubansa mai masana'antar goge ne a Nagoya, shi kuma ya yi karatun kiɗa a Jamus. Ya lura cewa kowane yaro yana iya harshen uwarsa ba tare da allo ba, don yana ji kullum yana maimaitawa. Saboda haka ya sa yara su fara da sauraro da ɗan ƙaramin goge daidai hannunsu, uwa ko uba na zaune a wurin darasi, karatun alamomin kiɗa sai daga baya. Lalle duk wanda ya yi horon malanta zai gane wannan, gama ita ce dokar da aka koya mana: daga abin da yaro ya sani zuwa abin da bai sani ba.

To, ga tambayoyi uku da ya kamata uba ya yi. Na farko, a hannun wa malamin ya koya, shekara nawa? Na biyu, ina almajiransa na baya, a ji hannunsu? Na uku, ya yarda a zauna a ga darasin? Wanda ya ƙi a zauna, a sallame shi da girma da arziki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in kuwa aka tanƙwara shi a karkace, a haka zai bushe.

Mun san abin da wasu za su ce: goge kayan bori ne da wuraren shashanci. Gaskiya ne an daɗe ana goga shi a irin waɗannan wurare, malamai kuma ba su yi ƙarya ba da suka tsawata. Amma wannan shi ne babban dalilin da zai sa darasi ya zama a zaure, da rana, a gaban iyaye. Kada kuma a manta Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Ashe kiɗa yana iya zama da mutunci.

Akwai abin tsoro kuma. Kayan kiɗa yakan mutu tare da gwaninsa. A Nijar, biram na Buduma mazauna Tafkin Cadi ya kusa ɓacewa, sai a 2002 Malam Maman Barka, wanda asalinsa malamin makaranta ne, ya tafi ya durƙusa gaban tsoho Bukar Tar ya koya. Da bai je ba, da an binne biram da mai shi. Malamin makaranta ne ya cece shi, don ya iya koyo, ya kuma iya koyarwa.

Nan Rigacikun, a bakin hanyar Kaduna zuwa Zariya, Cibiyar Malamai ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1976 don horar da malamai ta hanyar karatu daga nesa. Roƙonmu gare ta da kwalejojin horon malamai shi ne su nemo tsofaffin masu goge da kukuma da suka rage, a zauna da su, a rubuta yadda suke koyarwa daki-daki, a ɗauki sautinsu. Ku kuma malamai da akawuna, kowa ya binciko na garinsu. Wanda zai biya a koya wa ɗansa mai tsirkiya huɗu, ya tuna akwai mai tsirkiya ɗaya a bayan gidansa. Allah ya sa mu dace, amin.