Tsaunukan Taswirar Almara: Wa Suka Raba da Wa?

A shekarar 1954, lokacin da aka buga juzu'i na farko na *The Lord of the Rings* na J. R. R. Tolkien a Landan, an liƙa wata taswira mai ninki a ƙarshen littafin. Ɗan marubucin, Christopher Tolkien, shi ne ya zana ta da hannu, da baƙar tawada da ja, bisa zane-zanen da mahaifinsa ya daɗe yana yi. Abin da ke fara ɗaukar ido a cikinta shi ne tsaunuka: ƙananan tsinaye a jere kamar haƙoran zarto, kowanne da inuwarsa, sun keta takarda daga arewa zuwa kudu. Tun daga lokacin wannan siffa ta zama tamkar hatimin labaran almara na Turai da Amurka. Manazarta adabi da dama sukan tsallake irin wannan shafi, su ɗauke shi a matsayin ado. Wannan kuskure ne. Jerin tsaunukan da mai zane ya shimfiɗa hukunci ne a kan mutanen labarin: wa zai iya kai wa wa ziyara, wa zai yi ciniki da wa, wa kuma za a kira baƙo ko abokin gaba. Saboda haka ya cancanci a yi masa nazari irin wanda ake yi wa jigo da salo.

Ita kanta siffar tana da tarihi. Masu zanen taswira na Turai sun shafe ƙarnoni suna nuna tsauni daga gefe, kamar yadda matafiyi ke hango shi, alhali suna nuna koguna da gaɓar teku daga sama, kamar yadda tsuntsu ke ganinsu. A 1799 wani Bajamushe, Johann Georg Lehmann, ya tsara hanyar nuna gangare da gajerun layuka masu kauri ko siranta gwargwadon tsayuwar tudu. Daga bisani, a ƙarni na 19, layukan da ke haɗa wurare masu tsawo ɗaya suka mamaye taswirorin hukuma. Mai zanen almara ya san da waɗannan hanyoyi, amma da gangan yake komawa ga tsohuwar siffa, domin yana so mai karatu ya ji kamar takardar ta fito ne daga aljihun wani matafiyi na cikin labarin. Tsaunin da aka zana daga gefe yana tsayawa a gaban ido kamar katanga, kuma katangar ce ake bukata.

Tolkien ya fahimci haka sarai. Ya taɓa bayyana a wata wasiƙa cewa da taswira ya fara, sannan ya daidaita labarin da ita. Taswirar da yake aiki da ita an raba ta gida-gida, kowane gida yana wakiltar mil 100, don kada tafiyar taurarinsa ta saɓa wa nisa da kwanaki. Tsaunukan da ya kira *Misty Mountains* su ne ƙashin bayan zubi da tsarin juzu'i na farko. Ayarin matafiya ya yi yunƙurin tsallake su ta mashigin Caradhras, dusar ƙanƙara ta mayar da shi baya, dole ya bi ta ƙarƙashin ƙasa cikin ma'adinan Moria, inda ya rasa jagoransa Gandalf. Da a ce an goge wannan jeri daga taswira, da babi da dama sun rushe. Shi kuma marubucin ba daga littafi kaɗai ya san tsauni ba: a 1911 ya yi tattaki a tsaunukan Suwizalan, kuma abin da ya gani a can ya bar gurbi a rubutunsa.

Akwai masu suka ta fuskar kimiyya, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. A 2017 Alex Acks, wanda ya karanci ilimin duwatsu, ya wallafa sharhi yana nuna cewa tsaunukan Tolkien ba za su iya samuwa haka a zahiri ba. Babban misalinsa shi ne ƙasar Mordor, wadda tsaunuka suka kewaye ta ɓangare uku, suna haɗuwa a kusurwoyi kamar bangon ɗaki. A duniyar gaske, manyan jerin tsaunuka kan taso ne inda ɓangarorin ɓawon ƙasa suka yi karo, kamar yadda Himalaya ta taso sakamakon karon Indiya da Asiya, don haka sukan miƙe ko su lanƙwasa, ba su cika yin kusurwa ba. Sai dai wannan ra'i bai samu karɓuwa a wurin yawancin masana ba sai a shekarun 1960, bayan littafin ya fito. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, a cikin tatsuniyar Tolkien kansa, kamar yadda ta zo a *The Silmarillion* na 1977, wani mugun ruhi ne ya tayar da *Misty Mountains* don ya tare wa abokin hamayyarsa hanya. Wato tsaunin da aka gina don ya zama shinge, ba laifi ba ne idan ya yi kama da shinge. Auna shi da ma'aunin kimiyya kaɗai tamkar tuhumar Gizo ne a kan yadda yake magana da harshen mutane.

Duk da haka, akwai wurin da mai zane ba shi da ikon kauce wa ɗabi'ar ƙasa, wato sha'anin ruwa. Kogi daga tudu yake gangarowa, ƙananan rafuka kan haɗu su zama babba, kuma da wuya kogi ya rabu biyu sai a kusa da bakin teku. Tsauni kan tare iska mai ɗauke da damshi, gefe ɗaya ya sha ruwa, ɗaya gefen ya bushe, kamar yadda ake gani tsakanin kudancin Himalaya da tudun Tibet. Wannan ne ke yanke inda za a yi noma, inda za a yi kiwo, da inda kasuwa za ta ci. Shi ya sa gwanayen zane kan fara da tsauni, sannan ruwa, sannan hanya, sannan gari. Ba su kuma mantawa da mashigi, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a mashigi ake kafa kagara, a nan ake karɓar fito, a nan 'yan fashi ke kwanton ɓauna. Jerin tsaunin da ba shi da mashigi ya kashe labari tun kafin a fara shi.

Babban dalilin da ya sa bai kamata a raina waɗannan 'yan tsinaye ba shi ne, tarihi ya nuna abin da suke iya yi idan suka fito daga littafin almara suka shiga littafin ilimi. A 1798 James Rennell, fitaccen masanin taswira na Ingila, ya zana taswirar da ta raka labarin tafiyar Mungo Park. A cikinta ya shimfiɗa wani dogon jeri daga yamma zuwa gabas a Afirka ta Yamma, ya kira shi Tsaunukan Kong. Park ya hango tuddai ne daga nesa, Rennell kuma yana da ra'ayin cewa Kogin Kwara yana ƙarewa ne a cikin ƙasa, don haka yana bukatar katangar da za ta hana kogin gangarawa teku. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi kogin har bakin teku, ra'ayin ya rushe, amma tsaunukan suka ci gaba da zama a kan takarda. Sai da Bafaranshe Louis-Gustave Binger ya isa garin Kong, a arewacin Kwaddibuwa ta yau, a 1888, sannan gani ya kori ji. Thomas Bassett da Philip Porter, a nazarin da suka wallafa a 1991, sun gano waɗannan tsaunuka a taswirori 40 na tsakanin 1798 da 1892. A duk tsawon waɗannan shekaru, fataken goro na ƙasar Hausa suna kai da kawo zuwa Gwanja da jakunansu, suna ratsa daidai inda aka ce katangar take. Alƙalami ya raba abin da fatauci ya haɗa, kuma masu karatu suka gaskata alƙalami.

Wannan darasi ya shafi adabin Hausa kai tsaye. Tun daga *Ruwan Bagaja* da *Ganɗoki* na shekarun 1930 har zuwa littattafan yaƙi da na aljanu na zamanin nan, ƙagaggun labaran Hausa cike suke da tafiye-tafiye zuwa ƙasashen da babu su, ko da yake da wuya a ga taswira a cikinsu. Duk ranar da marubuta da masu zane suka rungumi wannan al'ada, jarabar farko ita ce su kwafo haƙoran zarto na Turai. Amma dutsen ƙasar Hausa wani abu ne daban. Dala da Goron Dutse a Kano, Kufena a Zariya, Kwatarkwashi a Zamfara, duk duwatsu ne da suka tsaya a tsakiyar fili, ana hango su daga nesa. Tara mutane suka yi. A gindinsu aka zauna, a kansu aka fake, har aka zagaye wasu da ganuwa, kuma tarihin Kano ya fara ne da Barbushe da jama'arsa a Dala. Inda ake bukatar jeri na gaske, ga tsaunukan Azbin a arewacin Agadas da na Mandara a iyakar Nijeriya da Kamaru. Inda kuma ake bukatar iyakar duniya, ga Dutsen Ƙaf, wanda marubutan Musulmi na dā suka siffanta da cewa ya kewaye ƙasa. Kowanne daga cikin waɗannan yana bukatar siffarsa ta zane, kuma kowanne yana haifar da irin labarinsa.

Don haka, aikin da ke gaban manazarci shi ne ya tsaya a shafin taswira kafin ya wuce babi na ɗaya. Ya duba inda aka ajiye tsauni, ya lura da waɗanda aka tura bayansa, ya ƙirga mashigai, ya bincika ko matanin labarin ya yarda da abin da zanen ke faɗa. A taswirar Tolkien, alal misali, gabas da kudu su ne mafitar yawancin rundunonin abokan gaba, kuma ƙasashensu ne aka bari kusan fayau ba garuruwa, lamarin da ya daɗe yana jawo muhawara tsakanin masana. Irin wannan tambaya ce ya dace a yi wa kowace taswirar almara, ko an zana ta a Oxford ko a Kano.