Allurar Ciwon Ƙugu: Abin da Take Bayarwa da Abin da Take Karɓewa

Ranar da ciwon ya kayar da Baffa, ba buhu ya ɗauka ba. Buta ya sunkuya zai ɗauka da asuba, sai ya ji kamar an caka masa basilla mai zafi a ƙugu. Zafin ya bi ta ɗuwawu, ya gangara bayan cinya da sha-raɓa, har babban yatsan ƙafa. Nan ya ƙame, hannu dafe da katanga. Sallar ranar a zaune ya yi ta, don ruku'u ya gagara. Ko atishawa ya ji tana tafe, sai ya riƙe ƙugu tukuna.

Butar dai tsautsayi ne ya faɗa kanta. Shekara arba'in ke nan yana duƙe kan fartanya mai gajeriyar ƙota a gonakin da ke tsakanin Bichi da Dambatta, inda ƙasa ba ta san hutu ba, balle mai noma ta. A nan ba a barin saura. Gona na manne da gona, iyakarsu 'yar gamba ko aguwa. Da rani a loda taki a mangala a kora jaki, da damina ga huɗa ga noman fari ga maimai, da kaka ga dami ga buhu. Wanda ya samu sarari kuma ya shiga kasuwar Dawanau dakon hatsi. Duk wannan a ƙugu yake sauka.

Mutanen gari suka ce sanyi ne. Wanzami ya zo ya kafa ƙaho huɗu, Baffa ya ce ya ɗan ji dama, bayan kwana biyu abu ya dawo sabo. Ƙaho kuwa ba ya kaiwa inda matsalar take. Ƙashin gadon baya gaɓoɓi ne a jere, biyar daga cikinsu a ƙugu, kuma tsakanin kowace gaɓa da 'yar uwarta akwai wani faifan guringuntsi, bayansa tauri, cikinsa taushi. Aikinsa irin na gammo ne, ya tare nauyi kada ƙashi ya gogi ƙashi. In gammon ya gaji sai ya turo gefe, wani lokaci ya tsage abin cikinsa ya fito, ya danne jijiyar da ke fita ta wajen, ya kuma sa ta kumbura. Galibi a faifai biyu na can ƙasa abin ke faruwa, jijiyoyin wurin kuwa su ne ke haɗuwa su zama babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Shi ya sa laifi na ƙugu, kuka na ƙafa. Wasu likitoci biyu a Boston ta Amurka, William Mixter da Joseph Barr, su suka fito da wannan bayani fili a 1934.

Allura biyu ce mutanenmu ke kira da suna ɗaya, kuma rabin rikicin daga nan yake. Akwai wadda ake yi a kemis, a ɗuwawu. Akwai wadda likita ke yi a asibiti, a cikin gadon bayan kansa. Duka biyun suna ɗauke da maganin da ake kira sitiroyid, mai kashe kumburi, amma tsakaninsu akwai tafiyar yini.

Ta kemis Baffa ya fara sani. Ni na riƙe shi a bayan babur har bakin shagon. Yaron shagon ya dube shi ya ce, "Baba, a shiga daga ciki, yanzu za a ji daidai." Bayan wani labule mai maiƙo ya fasa 'yan kwalabe biyu, deksa (sitiroyid ɗin ke nan) da diklofenak, ya zuƙe su a sirinji ɗaya. Ya kuma ƙulla wasu ƙananan fararen ƙwayoyi a leda, ya ce biyu safe biyu dare. Bai tambayi ko Baffa na da sukari ba, bai auna jininsa ba.

Zan yi wa allurar adalci: ta yi aiki. Washegari Baffa yana gona. Wanda bai taɓa ganin ciyawa tana shirin cinye gero ba zai raina wannan fa'ida, amma noman fari ba ya jiran mai jinya. Kwana goma ka makara, shekararka ta tafi. Kuɗin 'yan ƙwadago na yini ɗaya ya fi na allurar nesa ba kusa ba, birni kuma da nisa. Ga barci ya dawo, ga cin abinci ya buɗe, ga wani karsashi da ya ce rabonsa da shi tun yana saurayi. Maganin ba na banza ba ne. Tun da Philip Hench ya gwada kotizon a kan mai ciwon gaɓoɓi a asibitin Mayo a 1948, har ya samu kyautar Nobel a 1950, danginsa ke ceton masu asma da sauran cututtukan kumburi. Wannan deksa ɗin da ake sayarwa kamar gyaɗa, shi ne masu bincike a Oxford suka nuna a 2020 yana rage mace-macen waɗanda korona ta kai ga na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Sai dai ga wani abu. A wani bincike da aka buga a 2015 an gwada ba masu wannan ciwo na ƙugu ƙwayar sitiroyid ta baki a Kalifoniya, mutum 269. An ga sun ɗan fi iya hidimarsu, amma zafin bai ragu ba fiye da na waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta. Wato maganin da aka watsa wa jiki gaba ɗaya, kaɗan ne ke isa wurin da ake bukata, sauran kuwa ya bazu yana ta'adi.

Ta'adin a hankali ya zo, kuma da fara'a ya shigo. Duk bayan kwana uku ko huɗu zafi ya dawo, Baffa ya koma bayan labule. Kafin gero ya fitar da kai fuskarsa ta cika ta yi zagaye, tumbi ya fito, mutane na yi masa barka: "Malam, ai ka murmure!" Ni kaina na yi murna. Matan birni sun san wannan ƙiba, ita ce ta sha-ka-fashe, wadda 'yan mata ke nema da gangan, kuma deksa na cikin haɗin. Ƙiba ce ta ruwa da kitse, hannu da cinya na ramewa a ƙarƙashinta. Sai ga ƙishirwa, sai fitsari sau biyar a dare, sai wani ƙurji a wurin allurar da ya ƙi warkewa.

Na ce, "Baffa, da an haƙura da allurar nan haka, a je a ga likita."

Ya ce, "Ɗan nan, in na kwanta wa zai yi maimai? Kai da biro?"

Ba ni da amsa. A wurina babbar illar ita ce wannan: zafi shi ne ɗan aiken da ke cewa mutum ya sauke fartanya, allura kuwa ɗan aiken take rufe wa baki. Faifan na nan a tsage, mai shi na duƙe a kansa daga hantsi zuwa azahar. Dattawa sun san falle, ka ci dami ɗaya da damina ka biya biyu da kaka. Haka wannan allura take ba da rance.

Abin da take karɓa kuma ba sukari kaɗai ba ne. Tana tayar da hawan jini. In an daɗe ana yi tana cinye ƙashi ya zama kamar ɓawon rake, tana iya kashe kan ƙashin cinya mutum ya koma ɗingishi na dindindin. Mai sikila, da muke da su da yawa, haɗarinsa ya fi. Haɗa ta da diklofenak kuwa gayyatar gyambon ciki ne, shi diklofenak ɗin kuma ƙoda ba ta son sa, musamman ga wanda ya yini a rana bai sha ruwa sosai ba. Tana kwantar da garkuwar jiki. Wannan ya fi ba ni tsoro, domin ba kowane ciwon baya ne na faifai ba: tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma ana ganinsa a ƙasar nan. Mai irin wannan in aka yi ta ɗura masa deksa zai ji sauƙi na ɗan lokaci, cutar na cin ƙashinsa a ɓoye har ya yi doro ko ƙafafu su mutu. Ita kanta allurar ɗuwawu, in hannun da bai ƙware ba ya sauka ƙasa da inda ya kamata, babbar jijiyar nan yake soka. Akwai yaran da ke jan ƙafa yau saboda haka.

Bayan an yanke gero muka kai shi birni. Masu irin wannan ciwo a yankinmu Asibitin Ƙashi na Dala suke dosa, wanda ke nan tun 1959, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Likitan da ya gan shi ya kwantar da shi rigingine, ya ɗaga ƙafar a miƙe. Ba ta yi rabin hanya ba Baffa ya yi salati. Ya sa shi tafiya a kan dunduniya, sannan a kan yatsu. Ya dubi fuskar ya ce, "Baba, me ake sha?" Da aka auna sukari ya yi sama sosai. Ya ce mai yiwuwa dama yana kwance, maganin ne ya tashe shi. Abin da ya ba ni mamaki, bai ce a watsar da ƙwayoyin nan take ba. Jiki da kansa yana yin irin wannan sinadari a wasu 'yan ƙululu da ke saman ƙoda. In an saba kawo masa daga waje sai ya yi lalaci ya daina. A yanke rana ɗaya, mutum na iya faɗuwa. Sai da aka yi makonni ana ragewa.

Sannan aka zo kan allura ta biyu. Wannan ba a ɗuwawu ake yi ba. Baffa ya ce a kife aka kwantar da shi, aka wanke bayan da wani ruwa mai sanyi, aka kashe fatar, likita na duban hoto a allo yana tura siririyar allura har kusa da jijiyar da ke kumbure, ya zuba maganin a nan. Awa ɗaya aka sallame shi. Likitocin Italiya da Faransa ne suka fara wannan a 1952 da 1953. Fa'idarta a fili take: magani kaɗan, a inda wutar ke ci. Cikin mako guda zafin ƙafa ya ja baya, ya yi sujada da goshinsa karo na farko cikin watanni.

Amma kada a kai ta inda Allah bai kai ta ba. Wani gwaji da aka yi a Kanada, aka buga a 1997, ya bi mutum 158: waɗanda aka yi wa allurar sun fi samun sauƙin ƙafa a makonnin farko, bayan wata uku kuwa bambancin ya dushe, kuma cikin shekara kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kowane ɓangare sai da aka yi musu tiyata. Ba ta mayar da faifai mazauninsa. Ciwon ƙafa take taɓawa, ciwon tsakiyar baya bai cika jin ta ba. Lokaci kawai take saya, sai dai lokacin na da daraja, domin mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi da kansu cikin mako 6 zuwa 12, abin da ya fito daga faifan ma jiki kan tsotse shi a hankali.

Nata haɗarin bai cika faruwa ba, amma in ya zo babba ne. Ƙananan su ne ciwon kai mai tsanani in allura ta huda rigar laka, da tashin sukari na 'yan kwanaki. A 2014 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa akan samu shanyewar jiki, makanta, har mutuwa, ko da yake da wuya. A 2012 kuma gurɓataccen magani daga wani kamfani a jihar Masacusets ya sa wa mutum sama da 750 cuta, sanƙarau a cikin da yawansu, fiye da 60 suka mutu. Can ke nan, inda ake da sa ido. Shi ya sa likitoci ba sa son wuce uku ko huɗu a shekara. Ga kuma aljihu: mota, kwana a birni, da hoton MRI da ya ci mana tunkiya da ɗanta. Hoton ma yana da tarko. A wani bincike da aka buga a 1994 an ɗauki hoton bayan mutum 98 da ba sa jin ciwon komai, aka tarar fiye da rabinsu faifansu ya turo. Ganin kumburi a hoto bai isa dalilin allura ba, sai ya dace da abin da ƙafa ke faɗa.

Akwai kuma inda allura kowace iri ba ta da hurumi. Fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba ba a sani ba, bayan gida ya ƙwace, tsakanin cinyoyi ya mutu, ko tafin ƙafa ya fara ja a ƙasa: wannan asibiti ake nufa a ranar, ko da tsakar dare. Haka ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, gumin dare da rama.

Makonnin da allurar ta saya wa Baffa, masu gashin ƙashi suka cika su. Sun hana shi kwanciya yini guda, suka ce ya yi ta tafiya, suka koya masa ya durƙusa da gwiwa in zai ɗauki abu, kaya na manne da ƙirji. Ya yi ta mita, wai an mai da shi ɗan makaranta. Na ba shi labarin mutanen arewacin Maraɗi da Damagaram da ke noma a tsaye da doguwar hauya, ya ce ƙasarsu rairayi ce, tamu kuwa ta kunya ce, dole a sunkuya mata.

Bana da sungumi ya yi shuka, a tsaye. Huɗa ya ba masu garmar shanu, noman fari ya sayar da rago ya sa 'yan ƙwadago, yana bin su a baya yana faɗa. Ƙafar takan yi masa tsami in ya daɗe a kan babur. Sukarin bai tafi ba; shayinsa yanzu lami ne.

Ranar kasuwa muka bi ta gaban shagon nan. Labulen na nan. A kan benci mutum uku na jira, ɗaya ya zauna a karkace, ya miƙe ƙafar hagu, irin zaman da na sani. Yaron ya leƙo ya ce, "Baba, kwana biyu!" Baffa ya ce, "Lafiya ce ta ɓoye ni." Ya ɗan tsaya yana duban mai zaman karkacen, kamar zai yi magana, sai aka kira mutumin ciki. Muka wuce layin masu awo, ya sayi masara rabin buhu, ya kira mai baro.